Na Koyi Ɗinki a Kan Takardar Siminti

Na sha wuya, kuma wuyar banza ce. Shekara biyar da 'yan watanni na yi a gidan yari, biyu ina jiran shari'a, uku ina cin hukunci. Ba zan tsaya ba da labarin kuɗin cizo da gabza da bokitin da ɗaki guda ke layi a kansa ba. Wanda ya shiga ya sani, wanda bai shiga ba zai ce na ƙara gishiri. Abin da ke tayar min da zuciya har yau shi ne in ji rediyo tana cewa wai yanzu babu gidan yari, sai gidan gyaran hali. An goge tsohon suna a jikin allo an rubuta sabo. Sai ka ji wani mai muryar ƙoshi yana bayani cewa kowane ɗaurarre da sana'arsa yake fita, don kada ya sake komawa. Ni ma da sana'a na fita. Takardar shaidar tana ƙasan akwatina, da hatimi da sa hannu da komai. Bari in faɗi irin sana'ar.

Ba sharri aka yi min ba, sata na yi. Da ni ɗan acaɓa ne a Jimeta, babur ɗin nawa ne na kaina. Da tashin hankali ya zo, bam na tashi a kasuwa da tasha, aka hana hawa babur a gari. Rana ɗaya muka wayi gari ba mu da aiki. Na koma dako, sai ga 'yan gudun hijira sun cika gari daga arewacin jiha, kowa na neman abin da zai ɗauka ya ci, buhu ɗaya mutum biyar ke rububinsa. Matata ta koma gidan iyayenta, ban ga laifinta ba. Wata rana na gangara bakin Binuwai da sifana a aljihu, na kwance injin ban ruwa a lambun wani bawan Allah. Ban kai titi da shi ba aka kama ni. Na ci duka, na kuma cancanci wani abu daga cikin dukan.

Shekara biyun farko babu abin da muke yi sai zama. Mai jiran shari'a ba a koya masa komai, wai ba a tabbatar yana buƙatar gyara ba tukuna. Yau a ce motar kotu ba mai, gobe a ce masu rakiya duk an tura su shingen bincike. Ranar da alƙali ya yanke min shekara uku, wallahi daɗi na ji, don daga ranar kwanakina suka fara ƙirguwa, kuma aka sa sunana a ɗakin koyon ɗinki.

Kekuna huɗu ne a ɗakin. Uku sun mutu tun kafin in zo, an lulluɓe su da buhu. Na huɗun yana aiki, kuma a kansa malaminmu ke ɗinka kayan kwastomominsa na waje. Gandiroba ne, muna ce masa Oga. Ba mugu ba ne can can. An ba shi ɗaki da mutum takwas aka ce ya mayar da su teloli, ba a ba shi yadi ba, ba a ba shi zare ba. Ya sha faɗa mana cewa ya rubuta takarda sama har ya gaji.

A lokacin ana ƙara wa katangar gidan tsawo, don an ji labarin ana fasa gidajen yari a wasu garuruwa. Mu ne masu ɗaukar bulo. Siminti na shigowa mota mota, buhunan takarda na taruwa a bayan kicin. Oga ya sa muka riƙa kwaso su. Mu kakkaɓe, mu ɓare, mu shimfiɗa a ƙasa mu danne da dutse. Shi ne yadinmu.

A jikin bango ya rubuta lambobi da gawayi: tsayi kaza, faɗi kaza, hannu kaza, wuya kaza. Ka auna da tef, ka ja layi, ka yanka. Doka ɗaya ce a ɗakin, almakashi ya bi kan layi. In ka bar ko faɗin farce a wajen layi, rula ce za ta sauka a bayan hannunka, ya ce kana almubazzaranci da kayan gwamnati. Takardar siminti ce fa kayan gwamnatin. Ni hannuna ya fi na kowa shan rula da farko, sai na sa abin a raina, har na kai in na yanka ba ka ganin layin a gefen nan, ba ka ganinsa a gefen can.

In Oga ya gama aikinsa, sai ya zare zarensa ya sa a aljihu, ya bar mana keken da allura tsirara. Kowa ya hau na ɗan lokaci. Ka sa takardarka, ka taka, allura ta bi gefe tana huda. In ka gama ka ɗaga takardar wajen taga, Oga ya duba ko ramukan sun miƙe. Gaban riga daban, baya daban, hannu daban, kowanne da layin ramukansa. Ba mu taɓa haɗa biyu sun zama ɗaya ba, da me za a haɗa? Kayan kwastomominsa kuwa a gida yake yankowa, ba mu taɓa ganin almakashinsa a kan yadi ba. Na taɓa tambayarsa ko yadi da takarda duk ɗaya ne. Ya ce in na fita zan gane sauran.

Zare yana fitowa ne ranar da baƙi za su zo. Ana gobe za a wanke ɗakin, a cire buhunan da ke kan matattun kekuna a goge su da man gyaɗa. A buɗe kabad a fito da riguna shida da aka sayo a kasuwa, a rataye a bango a matsayin aikinmu. Akwai wata riga ruwan toka da wani ya yanka ya fara ɗinkawa tun kafin zamaninmu, saura gefe ɗaya. Ni ake ɗorawa a kan keke da ita, don ƙafata ta fi ta kowa daidaito. A nan na koyi sa zare da cika kwarkwaro. Baƙi su shigo, manya da ƙamshin turare, mata da jakunkuna, in taka in rufe gefen nan, su tafa. Suna fita Oga ya miƙo min reza in warware, a mayar kabad. Gefen rigar nan na ɗinka shi na warware ya fi sau goma sha biyar, har yadin wurin ya fara lalacewa. Wata baƙuwa ta taɓa tsayawa a kaina tana share hawaye, ta tambaye ni abin da zan yi in na fita. Na faɗa mata abin da aka ce mu riƙa faɗa, cewa zan zama mai amfani ga al'umma. Ta rubuta a littafinta.

A cikinmu akwai wani mutumin Girei, tabarmarsa kusa da tawa. Shigowarsa ta huɗu ke nan. Siriri ne, bakinsa ba ya hutawa. Yana da takardar kafinta, wadda ya samu ba tare da ya taɓa buga ƙusa ba, don an ce ƙusa makami ce. Yana da ta yin sabulu, wannan a kan allo aka koya musu. Yana da ta gyaran takalmi. Yakan ce gwamnati ta gyara shi sau uku, yanzu fenti kawai ya rage. In ya ga na duƙufa a kan takarda ina bin layi sai ya ce, “Tela, a ɗinka min babbar riga mana, amma ta buhu mai kyau, kada ruwa ya taɓa ni in daskare.” Yanzu haka da nake rubutun nan yana ciki, an ce kwamfuta ake koya musu.

Da lokacin fitarmu ya matso aka yi bikin yaye mu. An kafa rumfa, an kawo kujerun haya. An yi jawabi cewa kowannenmu zai tafi da keken ɗinki sabo, kada a sake ganin ƙafarsa a gidan. Mu takwas ne, kekunan da aka sauke huɗu. Mai hoto ya jera mutum huɗu a bayan kekuna ya ɗauka, suka koma, sauran huɗun suka tsaya a bayan kekunan nan dai ya sake ɗauka. Baƙi suka ci shinkafa suka tafi. Sai ga Oga da sukudireba da sifana. Ya zauna a ƙasa, yana gumi, ya raba kowane keke gida biyu, kai daban, ƙafa da teburi daban. Ya ce shi adalci zai yi, ba zai ba wasu ya hana wasu ba. Muka dangwala yatsa a takarda cewa kowa ya karɓi keke ɗaya. Ni na samu kai, mutumin Girei ya samu ƙafarsa. A mako ɗaya aka sake mu.

Ba ni da inda zan je sai gidan Adda, yayata, a Rumde. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ita kaɗai ce kuma ta riƙa kawo min garin kwaki da ƙuli duk shekarun nan. Mijinta akawu ne a wata ma'aikata, mutum mai ƙiba da son tsari, ina ce masa Hamma. Ya amsa gaisuwata yana kallon ƙafata. Aka ba ni ɗakin zaure inda suke ajiye masara. Washegari na ga an sa wa janareto sarƙa da kwaɗo. A masallacin unguwa, mutanen da na sani tun muna yara suka fara shiga da takalmansu a hannu. Kafin azumi ya kama, Hamma ya gaya wa Adda, a inda ya san zan ji, cewa zai yi haƙuri da ni zuwa Sallah. In na kama sana'a, to. In ban kama ba, gidansa ba masaukin fursunoni ba ne.

Na ɗauki takardar shaidata na shiga shagunan teloli neman aiki. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban lura da abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a samanta ba, sai da na ga fuskar mutum na farko. Sunan gidan yari ne ya fi sunana girma a takardar. Wani ya ce ba ya ɗaukar mutum yanzu. Wani ya ce in tsaya daga waje mu yi magana, yana jawo yadin mutane kusa da shi. Bayan shago na biyar na ninke takardar na daina nunawa.

Sai na ce bari in haɗa kekena in zauna da kaina. Na taka da ƙafa na haye gada zuwa Girei, wurin mutumin da ya samu ƙafar keken, cikin azumi, rana kamar za ta fasa kai. Na tarar matar mutumin ta ɗora faranti a kan teburin keken tana sayar da awara da yamma. Ya yi murna da ganina. Bai yi min ciniki ba, ya sauke farantin ya ce in ɗauka, shi bai san abin da zai yi da ƙafa ba kai ba. Da zan tafi ya raka ni bakin hanya, ya rage murya. Ya ce masu lambu a bakin kogi suna barin injinansu a ƙarƙashin ciyawa, kuma safiyar Sallah ba mai rai a wurin, kowa na filin Idi. Yana da mai kwalekwale. Abin da ya rasa shi ne mai saurin hannu da sifana. In same shi a ƙarƙashin gada lokacin da aka fara kabbara.

Na ce masa na tuba.

Ya ce, “Ni ma na tuba, mutumina, sau huɗu. Je ka yi ɗinkinka. Ni dai ina ƙarƙashin gada.”

A ka na ɗauko ƙafar keken har Rumde. Na ari sifana wurin mai faci na ɗaure kan a mazauninsa. Bel ɗin da ke juya keken babu, ban san wanda ya samu wannan a rabon ba, sai na yanka tsohuwar roba na ɗaura. Adda ta ba ni tsofaffin zannuwanta, na yi ta kalmasa bakinsu. Ta ɗaga ɗaya ta duba, ta ce ko telan da ke mata ɗinki layinsa bai kai wannan miƙewa ba. Ina jin ranar ce na fara yin barci sosai tun fitowata.

Hamma yana da shadda yadi biyar, ruwan sararin samaniya, da ya saya tun kafin azumi ya ajiye don Sallah. Kwana uku Adda tana masa magana a kanta. Na ji tana ce masa in mutanen unguwa suka gan ta a jikinsa a filin Idi, suka tambayi wanda ya ɗinka, shi ke nan ƙaninta ya samu abin yi, shi ma ya huta. Ta ce in ta lalace, ita ce. Daga ƙarshe ya fito da shaddar ya ajiye a kan teburin keken, ya ɗaga hannuwa in auna shi.

Ban taɓa auna mutum ba, lambobin bango na sani. Amma na ga abin ba wuya. Na zagaya ƙirjinsa da tef, na ja ya kama jiki sosai don kada in yi kuskure, na rubuta. Na auna kafaɗa, hannu, wuya, ƙugu, cinya. Na share zaure na shimfiɗa tabarma, na baza shaddar. Na ja layukana da alli daidai da abin da tef ya ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Na yi bisimilla na sa almakashi. A kan layi na bi, tun daga farko har ƙarshe. Da na gama na tattara ragowar yadin, mai yawa, na kai wa Adda ina alfahari, na ce ta ga ban yi ɓarna ba, har hula da aljihu za su fita a ciki.

Kwana biyu ina ɗinki. Na matse ɗinkin ƙanana ƙanana don ya yi ƙarƙo. Na yi guga da dutsen gawayi, na rataye kaftani da wando a igiyar tsakar gida. Adda ta kira matan maƙwabta su gani. Suka juya shi, suka yaba, wata har ta ce za ta kawo na mijinta bayan Sallah. Ɗaya ce kawai ta ce kamar ya yi siriri, Adda ta ce ai yayin ke nan.

Ranar jajibere bayan la'asar Hamma ya dawo daga kasuwa, ya ce a kawo ya gwada. A tsakar gida ya tsaya, daga shi sai singileti. Ya zura hannuwa, ya sa kai. Kaftanin ya sauko zuwa hammata ya tsaya. Ya ja, bai motsa ba. Ya yi ƙoƙarin cirewa, ya ƙi fita. Ga mutum da azumi a baki, hannuwa a sama, fuska a cikin shadda, tumbi a waje, yana juyawa yana haki. Adda ta kama ta sama tana ja, ni na kama ta baya. Da ɗinkin banza ne da ya ɓarke ya huta, amma nawa ne, ko zare ɗaya bai saki ba. Sai da Adda ta kawo reza ta tsaga hammatar sannan ya fito, idanunsa jajur, gumi na zuba. Ya ɗauki wandon ya zura ƙafa ɗaya, ya tsaya a cinya. Ya cire ya yar a ƙasa.

Bai ɗaga murya ba. Ya dubi Adda ya ce, “Shekara uku suna koya masa, wannan ya koyo. Gara satar, ita ko ba komai ya iya kwance inji.” Sannan ya juyo gare ni. “Gobe Sallah, ba zan kore ka ranar Sallah ba. Jibi kada in gan ka a zaurena.”

Adda ba ta yi kuka ba. Ta naɗe kayan a zani, ta yafa mayafi, ta ce in biyo ta. Akwai wani tsohon tela a bakin titi, Kirista ne daga wajen Numan, ya fi shekara talatin a shagon, kowa Baba yake ce masa. Ban taɓa zuwa wurinsa neman aiki ba, don bayan shago na biyar ban sake shiga ko'ina ba. Shagon cike yake da masu jiran kayan Sallah, kowa fuska a ɗaure. Adda ta roƙe shi ya duba ko za a iya buɗe rigar ta ƙaru.

Ya juya kaftanin ciki waje, ya sa tabarau, ya bi gefen da yatsa. Ya daɗe yana bi.

“Wane ne ya yanka wannan riga?”

Na ce ni ne, Baba.

“Ina abin da ka bari?”

Na ce ragowar tana gida wurin Adda, ban ɓata ko kaɗan ba.

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ba wannan yake nufi ba. Ya ɗauko wata riga da ya yanka bai ɗinka ba, ya nuna min layin allinsa, ya nuna inda almakashi ya bi, da tazarar yatsa biyu a tsakaninsu. Ya ce wannan rarar ita ɗinki ke ci in an haɗa gaba da baya. Bayan ita kuma sai an ƙara wa awon kansa, don mutum yana numfashi, yana zama, yana cin tuwo, yana ɗaga hannu ya yi salla. Ni na auna mutum kamar zan yi masa fata, na yanka a kan layi, sannan ɗinki ya cinye daga abin da bai isa ba tun farko. Babu abin da za a buɗe, don babu abin da aka bari.

Masu jira suka fara dariya. Wani ya tambaya a ina na koyi ɗinki. Na gaji da ɓoyewa, na faɗa musu. Na faɗi takardar siminti, da allura ba zare, da rular Oga, da rigar da nake ɗinkawa ina warwarewa. Dariyar ta tsaya. Mutumin da ke kusa da ni ya matsar da ledarsa zuwa ɗaya hannun.

Baba ya sake duba ɗinkin. Ya ce shekara uku, kuma ba wanda ya ɗauki minti ɗaya ya gaya min wannan, abin da ake gaya wa mai koyo a makonsa na farko. Ya tofar da yawu ta ƙofa. Sannan ya ce ƙafata tana da kyau, bai taɓa ganin layi mai miƙewa haka ba, amma ban san yadi ba ko kaɗan, kuma in na sake taɓa almakashi yanzu wani zan sake cuta.

“In kana so, ka zo ka zauna. Guga da maɓalli za ka fara, kamar kowa. Ba na biyan mai koyo, abinci sau ɗaya ne a rana. Akwai benci, kana iya kwana a kai. Gobe ina buɗewa, ni ba na zuwa Idi, ga kayan mutane ban gama ba.”

Ina da shekara arba'in da huɗu a lokacin, da furfura a gemuna, da takardar gwamnati da ta ce ni ƙwararren tela ne. Muka naɗe kayan muka fito. Da muka kai ƙofar gida Adda ta tsaya. Ta ce ita za ta san yadda za ta yi da mijinta a kan shaddar, amma ƙafarta ba za ta sake taka ƙofar gidan can da garin kwaki ba, ta tsufa. Aka kira magariba, ta miƙo min kunu a kofi ta shige. Na zauna a zaure ina sha, ina kallon keken. Sifanar mai faci tana kan teburin, ban mayar ba. Na yi tunanin bencin Baba da guga da maɓalli, wata nawa, shekara nawa, ba ko sisi. Na yi tunanin injin ban ruwa ɗaya, ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da shi, na san girmansu. Ban ji tsoron gidan yari ba, gaskiya, na san inda tabarmata take a can. Ƙyama kawai nake ji, ta Oga, ta masu tafi, ta mai hoto, ta kaina da na yarda cewa huda takarda sana'a ce.

Da safe bayan asuba na ji gidan ya tashi, ana wanka, ana neman hula. Hamma ya fita da tsohuwar rigarsa ta bara, ya wuce ta zaure bai dube ni ba. Na jira har unguwa ta fara yin shiru. Na ɗauki sifanar na juya ta a hannu. Sai na durƙusa na kwance kan keken daga teburinsa, na naɗe shi a tsohon zanin Adda tare da kaftanin, na ɗora a ka. Sifanar na ajiye a ƙofar mai faci, ƙarƙashin tayar da yake zama a kai.

Na fito titi, mutane na tafiya Idi cikin sababbin kaya, ni ina keta su da tsohuwar riga da ƙarfe a ka. A mararrabar da hanya ke gangarawa gada na tsaya na gyara ɗaukar kayan, don wuyana ya fara ciwo, daga nan na miƙe zuwa bakin titi. Baba ya buɗe ƙofa ɗaya, yana hura gawayin guga. Bai yi min sannu da zuwa ba. Ya nuna min lungun da zan ajiye kan keken, ya ce ba zan taɓa shi ba sai ya ce. Ya warware zanin ya ciro kaftanin, ya miƙo min da reza, ya ce in farke shi gaba ɗaya, kada in yanki yadin, za a ga abin da zai fita a ciki.

Na zauna a ƙasa na jingina da benci. Ana kabbara daga filin Idi na sa reza a gefen farko. Ɗinkin ya matsu ƙwarai, da ƙyar yake fita, sai da na riƙa cire shi zare ɗaya bayan ɗaya.